Suna Ɗaya Sau Biyu: Tarihin Tace Rajista a Ƙasar Kazaure

Duk hukumar da ke riƙe da jerin sunaye, na mutane ne ko na kaya, tana fama da matsala iri biyu: wanda ya cancanci a rubuta shi amma ya kuɓuce, da wanda aka rubuta fiye da sau ɗaya. A yankin Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura, matsala ta farko ce ta riga zuwa, ta biyun kuwa ba ta yi ƙamari ba sai da shiga rajista ya tashi daga hanyar biya ya koma hanyar samu.

Masarautar Kazaure, wadda ta samo asali daga Ɗan Tunku a 1819, ta shiga Lardin Kano bayan Turawa sun ci Kano a 1903, kuma a ƙarƙashin En'e, wato hukumar gargajiya da Turawa suka mulki ƙasa ta hannunta, littafin haraji shi ne babbar rajistar jama'a. Malamin haraji ne ke rubutawa, amma ainihin tantancewar tana hannun dagaci da mai unguwa, domin a ƙauye guda ana iya samun Audu biyar da Musa bakwai, ba a kuma rarrabe su sai da sunan uba, ko sana'a, ko laƙabi. Babu magidancin da ke son sunansa ya fito sau biyu, tun da hakan na nufin biya biyu, saboda haka shi da kansa yakan kai kuka a gyara. Abin da ke damun hukuma a lokacin shi ne ɓoyo: saurayin da ya tafi cin rani kafin ƙirga, ko makiyayin da ya kora shanunsa nesa don kauce wa jangali. Wannan babi ya rufe a 1979, lokacin da Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kano, wadda yankin ke cikinta har zuwa ƙirƙiro Jigawa a 1991.

Rajistar masu zaɓe ta juya lamarin, domin a nan suna biyu riba ce ga mai neman ƙuri'a. A farkon 2011 hukumar zaɓe ta INEC, ƙarƙashin Farfesa Attahiru Jega, ta baza na'urorin ɗaukar bayanai kai tsaye, kowace ta ƙunshi kwamfuta da kyamara da abin ɗaukar zanen yatsu, aka kuma yi wa mutum kimanin miliyan 73.5 rajista. Sai dai na'urorin ba sa magana da juna a lokacin aikin, don haka wanda ya yi rajista a Roni da safe zai iya sake yi a Kazaure da yamma ba tare da an gane ba, har sai an tattara bayanan wuri guda an bi su da manhajar AFIS, wadda ke gwada zanen yatsun kowa da na sauran. Bayan tacewa, adadin ya sauko zuwa miliyan 68.8 a zaɓen 2015, duk da sababbin da aka ƙara. A 2022 hukumar ta yi amfani da manhajar ABIS, wadda ke haɗa yatsu da fuska, ta soke kimanin miliyan 2.78 daga cikin miliyan 12.29 da suka kammala sabuwar rajista.

Kuskure ne a ɗauka duk waɗannan maguɗi ne. Da yawa mutane ne da katin zaɓensu ya ɓace ko suka sauya gari, waɗanda maimakon su nemi sabon kati ko sauyin mazaɓa, sai suka sake bin layi daga farko, domin abin da suka ga ana yi ke nan. Na'urar ma ba ta tsira daga kuskure ba, tun da yatsun manomi da fartanya ta cinye ba sa karantuwa da sauƙi, kuma sunan da aka soke bisa kuskure ya fi wanda aka maimaita cutar da mai shi.

Irin wannan matsala ce ta bi kwamfuta zuwa garin Kazaure, inda aka kafa cibiyar koyar da fasahar sadarwa a zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki tare da haɗin gwiwar Informatics ta Singafo. Masu kula da kwamfutocin ofisoshi da makarantu a yau suna aiki da manhajojin shiga na'ura daga nesa, irin su TeamViewer da AnyDesk, waɗanda ke bai wa ƙwararre damar ganin fuskar wata kwamfuta da sarrafa ta ta intanet. Manhajar tana bai wa kowace na'ura lambar shaida, amma idan aka goge kwamfutar aka sake ɗora mata komai, ko aka sauya wani babban sashe nata, tana iya samun sabuwar lamba, tsohuwar kuma ta zauna a jerin na'urori kamar mamacin da ba a cire daga littafi ba. Akwai kuma akasin haka, inda ake kwafe faifan ajiya guda zuwa kwamfutoci da dama, sai dukansu su bayyana da lamba ɗaya, Audu biyar a layi guda.

Sunan da aka laƙaba wa na'ura ba hujja ba ne, domin kowa na iya rubuta "kwamfutar ofis". Ma'aikaci mai lura yakan duba ranar da kowace lamba ta hau intanet a ƙarshe, ya gwada lambar masana'anta da ke jikin na'urar, sannan ya tuntuɓi wanda ke zaune gabanta kafin ya goge komai, wanda shi ne matsayin da mai unguwa ya riƙe a da. Wannan tuntuɓa ta fi zama dole a karkara, inda rashin wuta da raunin sabis ke sa kwamfuta mai lafiya ta yi makonni ba ta bayyana ba. Idan aka cire ta daga jeri bisa zaton ta mutu, sau da yawa sai ma'aikaci ya hau babur daga Kazaure zuwa Gwiwa ko Babura kafin ya maido da ita.