Yadda kwamfuta ke lissafa juyawar madubai a tashoshin lantarki na zafin rana

Tashar lantarki ta zafin rana ta bambanta da farantan sola da aka saba gani a kan rufin gidaje. A irin wannan tasha, dubban madubai ne ake jerawa a fili, kowane yana karɓar hasken rana ya cilla shi zuwa ƙololuwar wata doguwar hasumiya. Zafin da ya taru a can yana dafa ruwa ko narkakken gishiri, tururin da aka samu kuma ya juya injin da ke samar da wuta. Tashar Noor III da ke Warzazat a Maroko, wadda ta fara aiki a 2018, tana da madubai 7,400 da ƙarfin megawat 150.

Wahalar aikin ita ce rana ba ta tsayawa wuri guda. Tana gusawa da kimanin digiri 15 a kowace awa, hanyarta kuma tana sauyawa daga wata zuwa wata. Dole kowane madubi ya riƙa fuskantar tsaka-tsakin rana da hasumiya, kuma tunda babu madubai biyu da ke zaune a gurbi ɗaya, kowane da nasa lissafin. Kuskure kaɗan yana jawo hasara babba, domin haske na ninka duk karkatar da madubi ya yi: idan ya kauce da kashi ɗaya cikin goma na digiri, haskensa zai baude da kusan mita uku da rabi a nisan kilomita ɗaya.

Shi ya sa injiniyoyi ke fara gina tashar a cikin kwamfuta kafin a haƙa rami ko ɗaya. Manhajoji irin su SolarPILOT da SolTrace, waɗanda aka ƙera a Amurka, suna bin sawun haske daga rana zuwa madubi zuwa hasumiya. Suna nuna inda wani madubi zai yi wa maƙwabcinsa inuwa, da yadda iska ke girgiza shi, da yadda za a rarraba hasken don kada ya taru wuri guda ya ƙona bututu.

Najeriya ba ta da irin wannan tasha tukuna, amma yankin Talata Mafara da Bakura da Maradun misali ne mai kyau na abin da lissafin zai ci karo da shi. Yankin yana wajen digiri 12 da rabi arewa da tsakiyar duniya, don haka rana kan tsaya daidai bisa kai sau biyu a shekara, a ƙarshen Afrilu da kuma wajen 20 ga Agusta. A tsakanin lokutan biyu, tana ratsawa ta arewa da tsakar rana. A Sifen ba ta taɓa yin haka, abin da ya sa madubai 624 na tashar PS10 da ke kusa da Sabiliya duk suke arewa da hasumiya. Kwafo wannan tsarin zuwa Zamfara ba tare da sabon lissafi ba ganganci ne.

Sai kuma hazo. Madubi ba ya iya tattara sai hasken da ya zo kai tsaye, ƙurar hunturu kuwa tana warwatsa shi a sama, ta kuma kwanta a kan gilashin. Farantan sola sun fi jure wannan, domin suna amfana har da warwatsattsen haske.

Wankin madubai na buƙatar ruwa, jera su kuma na buƙatar fili mai faɗi. A wannan yanki ruwan yana madatsar Bakalori, wadda aka kammala a 1978 a kan kogin Sakkwato, kuma da shi manoman rani suke noman shinkafa. Batun fili ma ba ƙarami ba ne a wurin da rikicin gonaki da diyya ya ci rayukan manoma a 1980.