ALU MAI SANGO DA YAƘIN 'YAN UWA

Yau tarihi na kawo muku, kuma ba na nesa ba ne, don mu mutanen Rano da Kibiya a bakin ƙofarmu aka yi shi.

Aliyu Babba, wanda aka fi sani da Alu Mai Sango, ɗan Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi ne. Da Sarki Bello ya hau gado sai ya shiga tuɓe 'ya'yan wansa Abdullahi daga sarautu. Da ya rasu a 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa ɗansa Tukur, aka bar Yusufu ɗan Abdullahi wanda jama'a suka fi so. To, nan fa wuta ta kama. Yusufu da ƙannensa suka fice zuwa Takai, aka shiga Yaƙin Basasa.

Ana cikin haka Allah ya yi wa Yusufu rasuwa a Garko, maƙwabciyarmu, rundunar ta koma hannun Alu. Shi ya ci birnin Kano a 1894, Tukur ya tsere ƙasar Katsina, aka kashe shi a 1895. Bayan nan Alu ya kara da Damagaram. A watan Fabrairu 1903 Turawa suka biyo ta Bebeji suka ci Kano yana can Sakkwato. Aka kama shi, aka kai shi Yola, daga nan Lakwaja, inda ya rasu a 1926.

Ni dai jarumtar Alu ba ita ta fi tsaya mini a rai ba. Alu da Tukur fa jikokin mutum ɗaya ne, Sarki Ibrahim Dabo! Amma wa ya ji a jikinsa? Talakawan ƙauye da aka ƙone wa rumbuna, da matan da aka mayar zawarawa.

'Yar uwa, ke ma gidanki ƙaramar masarauta ce. Duk ran da kika ce wa ɗanki kada ya ci tuwon ɗakin abokiyar zamanki, wallahi basasa kike shukawa, kuma ranar rabon gado za ta tsiro, lokacin ba kya nan balle ki kashe ta.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya haɗa kan zuri'armu, amin.