Ƙin amincewa da takardar neman zama a Amurka ga masu bincike na jami'a

Ƙin amincewa da takardar neman zama shi ne hukuncin da hukumar shige da fice ta Amurka, USCIS, ke yankewa idan ta ga hujjojin da aka gabatar a madadin malamin jami'a ko mai bincike ba su cika sharuɗɗan samun izinin zama na dindindin ta hanyar aiki ba. Ana shigar da wannan buƙata ne a fom mai lamba I-140.

Asali

Dokar shige da fice ta shekarar 1990 ce ta tsara rukunan da ake amfani da su a yau, inda ta ware biza 140,000 a shekara ga masu shiga ta hanyar aiki. Masu bincike sun fi bin rukuni uku. A EB-1A mutum na iya nema da kansa idan ya yi fice a fanninsa. A EB-1B jami'a ko cibiyar da za ta ɗauke shi aiki ce ke nema, kuma sai yana da gogewar shekara 3 a koyarwa ko bincike. Na uku wani ɓangare ne na EB-2, wanda ake yafe wa mutum sharaɗin samun tayin aiki idan bincikensa zai amfani ƙasar.

Dalilan ƙi

A EB-1B ana buƙatar hujja biyu cikin shida, kamar lambar yabo, wallafa maƙalu a mujallun ilimi na duniya, ko tantance ayyukan wasu masana. Sai dai cika adadin bai isa ba. Bayan shari'ar Kazarian ta 2010, wadda wani masanin kimiyyar lissafi ɗan Armeniya ya shigar, hukumar ta koma duba buƙata a mataki biyu: ta fara ƙirga hujjojin, sannan ta auna su gaba ɗaya don ganin ko da gaske mutumin ya shahara. A nan ne ake iya ƙin mai maƙalu da yawa idan bai nuna tasirinsu ba, ko kuma wasiƙun shaidarsa duk daga malamansa da abokan aikinsa suka fito. Haka kuma ana ƙin buƙatar idan muƙamin na wucin gadi ne.

A EB-2 kuwa, hukuncin Dhanasar na 2016 ya kafa sharuɗɗa uku: aikin ya kasance mai muhimmanci ga ƙasa, mai neman ya zama yana da halin ci gaba da shi, sannan yafe masa tayin aiki ya zama da amfani ga Amurka.

Ɗaukaka ƙara

Sau da yawa hukumar kan nemi ƙarin hujja kafin ta yanke hukunci. Idan ta ƙi, ana da kwana 30 na ɗaukaka ƙara da fom I-290B, ko a sake shigar da sabuwar buƙata.

Dangantaka da Najeriya

Malamin da ya fito daga jami'a irin ta Umaru Musa 'Yar'adua a Katsina ko Ahmadu Bello a Zariya yana bin waɗannan ƙa'idoji kamar kowa. Amma amincewa da takardar ba ita ce biza ba, domin wanda ke Najeriya sai ya yi ganawa a ƙaramin ofishin jakadancin Amurka da ke Legas. A ranar 31 ga Janairun 2020 shugaba Donald Trump ya dakatar da bayar da bizar zama ga 'yan Najeriya, har sai da Joe Biden ya soke umarnin a ranar 20 ga Janairun 2021.