Ayagi a Cikin Ganuwa, Sabon Gari a Bayanta

Sunayen unguwannin cikin birnin Kano kaɗai sun isa su ba mutum labarin baƙin da suka sauka a garin: Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Agadasawa, Dandalin Turawa, Ayagi. Turawan nan ba na Ingila ba ne, Larabawan arewacin Afirka ne da suka biyo ayarin raƙuma. Ayagi kuwa fataken Yarabawa ne suka kafa ta. Yau idan ka shiga Ayagi, jikokinsu Kanawa ne, Hausa ce a bakinsu, sai dai a tuna asali a hirar gida.

Dabarar tsohuwar Kano ke nan. Baƙo ya sauka wurin mai masauki, a ba jama'arsa wuri a cikin ganuwa, a naɗa musu mai unguwa, su yi ciniki a Kurmi, su yi salla a sahu ɗaya, a yi auratayya. Kafin jika ya girma, baƙunci ya ƙare. Amma kada mu yi wa tarihi kwalliya: wannan ƙofa Musulmi aka fi buɗe wa, kuma kuɗin shigarta shi ne harshen mutum na gado, wanda yakan ɓace a hankali.

Turawan Ingila sun ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911. Jirgin ya zo da wasu baƙi na dabam: akawuna, ma'aikatan reluwe, leburori da 'yan kasuwa daga kudancin Najeriya, Saliyo da ƙasar da ake kira Gana a yau, da yawansu Kiristoci. Lugga ya riga ya yi wa sarakuna alkawarin ba zai taɓa addini ba, kuma ba ya son masu ilimin boko daga kudu su cuɗanya da talakawan sarki. Sai aka yanka musu fili a bayan ganuwa wajen 1913, aka kira shi Sabon Gari. Dokar garuruwa ta 1917 ta ƙara ƙarfafa rabuwar. Coci, makarantar mishan da gidan giya duk can aka tura su. Shari'ar mazauna wurin ma tana hannun majistare Bature, ba alƙalin sarki ba, har 1940 da aka mayar da unguwar ƙarƙashin En'e ta Kano. Haka aka yi wa Hausawa a Ibadan, inda aka keɓe musu Sabo a 1916.

A takarda, manufar ita ce zaman lafiya: kowa ya tsaya a nasa. A ganina, a nan kuskuren yake. Mutanen da ba sa haɗuwa sai a kasuwa, ba makaranta ɗaya, ba alƙali ɗaya, ba suna ba jana'iza, ba su da abin da zai riƙe su ranar da siyasa ta yi zafi. A watan Mayun 1953, bayan taƙaddamar neman mulkin kai a majalisar Legas, zuwan tawagar Akintola Kano ya tayar da rikici tsakanin Fagge da Sabon Gari. Alƙaluman gwamnati sun ce mutum 36 suka mutu. A 1966 abin ya fi haka muni, Ibo suka kwashe suka koma gabas. Bayan yaƙin basasa ya ƙare a 1970 da yawa sun dawo, wasu ma sun tarar da gidajensu a hannun maƙwabtan da suka riƙe amana.

Gwamnatocin baya sun nemi ɗinke ɓarakar. Gawon ya kafa shirin yi wa ƙasa hidima a 1973, tsarin mulkin 1979 ya kawo dokar raba muƙamai daidai tsakanin jihohi. Sai dai rabon ya dogara ne da takardar shaidar asali. Yaron da aka haifa a Sabon Gari, ubansa ma nan aka haife shi, Hausarsa ta fi Ibonsa, sau da yawa idan ya nemi gurbin karatu ko aikin gwamnati sai a ce ya je ƙauyen kakansa ya karɓo takarda. Bahaushen Sabo a Ibadan shi ma haka.

Yanzu kuma baƙin daga nesa suke zuwa. Kantin Kwari ya cika da atamfar Sin, kuma 'yan kasuwar Sin ɗin sun biyo kayansu da kansu. 'Yan kasuwar gida suka yi ta kukan an shigo musu har cikin sayar da ɗai-ɗai. A 2012 jami'an shige da fice suka shiga kasuwar suka kama wasu daga cikinsu, bayan 'yan kwanaki ciniki ya ci gaba.