3.4 Ƙasar Kwango Tsakanin Tarihi da Ƙirƙira a Littafin Everfair

Wannan sashe zai dubi littafin Everfair na Nisi Shawl, daga Amurka, wanda aka buga a shekarar 2016. Littafin yana cikin jerin ƙagaggun labarai da ke komawa zamanin injin tururi, su sauya wa tarihi hanya, domin a ga yadda al'amura za su kasance da wani abu ya faru daban.

A tarihi, bayan Taron Berlin na 1884 zuwa 1885, Sarki Leopold na II na Beljiyam ya mallaki Kwango a matsayin dukiyarsa ta ƙashin kansa, har zuwa 1908 lokacin da gwamnatin Beljiyam ta karɓe ta. An tilasta wa jama'a tatsar roba, sojojin Force Publique kuma suka riƙa ƙona ƙauyuka da yanke hannuwa. George Washington Williams, wani baƙar fatar Amurka, ya fallasa wannan zalunci a buɗaɗɗiyar wasiƙarsa ta 1890. Jiragen ruwa masu tururi a Kogin Kwango da layin dogo daga Matadi zuwa Leopoldville, wanda aka kammala a 1898, su ne suka sauƙaƙa kwashe dukiyar ƙasar.

A cikin labarin kuwa, 'yan Ƙungiyar Fabian ta Ingila da 'yan mishan baƙar fata daga Amurka sun sayi yanki daga hannun Leopold, suka kafa ƙasar Everfair domin ta zama mafakar waɗanda suka gudo. Injin da ya yi wa mulkin mallaka aiki sai ya koma makamin kare kai: ana ƙera jiragen sama masu kama da balan-balan, ana kuma yi wa waɗanda aka guntule hannuwan ƙarfe.

Sai dai idan aka yi la'akari da kyau, sayen ƙasar daga Leopold amincewa ne da cewa shi ke da ita. Wannan ne tushen saɓanin da ya taso tsakanin baƙin da Sarki Mwenda, wanda ƙasar ta kakanninsa ce. Saboda haka wannan nazari yana ganin cewa littafin ya nuna fasaha tana iya korar azzalumi, amma gina ƙasa yana rataye ne a kan wanda ke da ikon ƙasar da kuma yardar mutanenta na asali.