Labarin Fitilun Titi a Tsohon Birnin Landan

Tsohon birnin Landan shi ne cibiyar cinikin ƙasar Ingila, can ne bankuna da manyan kantuna su ke. Amma a zamanin da, in rana ta faɗi sai duhu ya rufe shi, ɓarayi da 'yan fashi su mallake hanyoyi. Doka ta ce kowane mai gida na bakin hanya shi rataya fitila a ƙofarsa cikin daren hunturu, amma da yawa ba su kula ba. Wanda larura ta fitar da dare kuwa sai ya yi ijarar yaro mai jiniya ya wuce masa gaba.

Wajen shekara ta 1685 wani mutum wai shi Edward Heming ya sami izini ya kafa fitila a ƙofar gida guda cikin kowane gida goma. Ana kunna su daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Maris, ran da babu farin wata kaɗai, tsakar dare kuwa su mutu. Daga bisani hukumar birnin ta riƙa ba da aikin ga 'yan kwangila, su biya ta kuɗin izini, su kuma su bi gida gida su karɓi ladansu. Da ya ke riba su ke nema, unguwar da ba ta da abin biya sai ta kwana cikin duhu.

Da ɓarnar ta yi yawa, cikin 1736 Majalisar Ingila ta ba hukumar birnin ikon aza wa masu gidaje haraji musamman don fitilu. Aka mai da kunnawa tun faɗuwar rana har fitowarta, rani da damina. Ba a daɗe ba fitilun suka tashi daga misalin 1,000 zuwa wajen 5,000. Fitilun dai na mai ne kamar da. Hanyar biya aka gyara, gari ya haskaka.

Sa'an nan aka gano iskar gas da a ke samu daga kwal. Cikin 1807 wani Bajamushe, Frederick Winsor, ya haskaka titin Pall Mall da ita, aka kafa kamfanin gas cikin 1812. Lantarki ya biyo baya: cikin 1882 kamfanin Edison ya buɗe gidan wuta a Holborn Viaduct. Amma bai ci riba ba, aka rufe shi cikin 1886, titin ya koma gas har wani lokaci.

To, ma'aikata, abin lura ke nan. Sabon inji ba ya raya fitila in babu kuɗin da aka keɓe mata a baitulmali, da mai kunnawa, da mai bin sawunsa. Inda aka tanadi waɗannan uku, ɗan kasuwa ya kan rufe rumfarsa bayan lisha ya koma gida da ransa da dukiyarsa.