Daga Fadama Zuwa Tudu: Yadda Aka Yanka Garin Maraɗi

Baƙon da ya shigo Maraɗi ta hanyar Ɗan Isa, ko ta hanyar Yamai, abin da yakan fara lura da shi shi ne miƙewar titunan garin da faɗinsu. A Katsina da Kano da cikin Birnin Damagaram, lungu ne ke bin bangon gida, ya karkace inda gida ya karkace. A Maraɗi kuwa gida ne ke bin layi. Alhali garin ya haura shekara ɗari biyu da zama mazaunin sarauta, kuma waɗanda suka kafa shi Katsinawa ne da suka san yadda ake gina birni. Dalilin wannan bambanci yana cikin daminar 1945. Daga wannan shekara ne kuma aka fara wata muhawara da har yanzu ba a rufe ta ba, wato wane ne ke da ikon cewa nan gida ne, nan hanya ce, nan kuma gona.

Bayan faɗuwar Katsina a hannun masu jihadi a 1807, zuriyar sarakunan Haɓe sun yi shekaru suna neman wurin zama, har mutanen wannan yanki suka yi tawaye ga wakilin Fulani, suka kira Ɗan Kasawa, ya zauna a Maraɗi wajen 1819. Wurin da aka zaɓa a cikin fadamar Gulbi yake, kuma zaɓi ne na mutanen da ke cikin yaƙi. Kurmin da ke kewaye yana hana dawakin abokan gaba sukuwa, ruwa yana kusa, rijiya ba ta da zurfi, ƙasa kuma tana ba da amfani damina da rani. Aka kewaye garin da ganuwa, sarakuna irin su Ɗan Baskore suka riƙa fita daga cikinta suna kai yaƙi har ƙofar Katsina. A wancan zamani ba a sayar da filin gida. Baƙo yakan sauka wurin mai unguwa, mai unguwa ya gabatar da shi a fada, a nuna masa inda zai kafa danga. Shaidarsa ita ce maƙwabta, takardarsa kuwa ita ce gaisuwar da yake kaiwa.

Da Nasara suka zo, ba su zauna cikin fadama ba. Bayan an ɗauke mazaunin kumandan daga Tasawa zuwa Maraɗi a 1927, ofisoshin mulki da kantunan kamfanonin Faransa masu sayen gyaɗa sun kafu ne a bisa tudun da ke gabas da tsohon gari, inda iska take kuma sauro ya yi sauƙi. Aka wayi gari da Maraɗi biyu, ta ƙasa mai fada da masallaci da marina, da ta sama mai sikeli da rajista.

Cikin daminar 1945 Gulbin Maraɗi ya cika ya tumbatsa, ruwa ya shiga tsohon gari, gidajen ƙasa suka jiƙe suka zube. Hukumar mulkin mallaka ba ta yarda a sake gini a wurin ba. Ta sa aka auna tudu, aka ja layuka, aka bar babban fili a ƙofar sabuwar fada, aka yanka sauran wurin gida gida. Ana iya cewa ambaliyar ta ba kumandan damar da ba zai samu ba a shekarar lafiya, domin babu mai tayar da gari sukutum alhali bangayensa na tsaye. Ya kamata kuma a tuna cewa a lokacin aikin tilas bai ƙare ba, sai a watan Afrilu na 1946 aka yi dokar da ta soke shi. Umurnin kumandan a wannan zamani ba abin da talaka ke jayayya da shi a fili ba ne.

Duk da haka, umurni kaɗai ba ya mayar da fili gari. Mutanen da aka ce su hau tudu sun bar kaburburan iyayensu a ƙasa, sun bar rijiyoyin da guga ke taɓa ruwa da gajeriyar igiya, suka zo inda sai an yi haƙa mai zurfi. Masu lambu sun yi nisa da lambunansu, marina sun yi nisa da karofinsu. Abin da ya sa ƙaurar ta zauna shi ne fada ta hau tudu tare da jama'arta, kuma an kwashe unguwannin da sunayensu da masu unguwanninsu. Bagalam, Ƴan Daka, Maraɗawa, Limanci, Ɗan Gulbi, Makoyo da Hasau duk sun sake tsayuwa a sabon wuri, maƙwabci kusa da maƙwabcinsa. Wanda ya san sarautun Katsina zai ji su cikin waɗannan sunaye: Ƴandaka na cikin masu zaɓen sarki, Limanci wurin liman ne da almajiransa, Maraɗawa kuwa mutanen Maraɗi ne, mai sarautar da garin ya ci sunanta. Mai awo ya ja layi irin na Faransa, amma abin da aka zuba cikin layin tsarin tsohuwar Katsina ne.

Sai dai wani abu ya sauya hannu a wannan ƙaura ba tare da an yi shela ba. A fadama, sarki ne ke ba da wurin zama. A tudu, kowane gida yana da lamba, lambar tana cikin littafi, littafin kuma yana ofishin kumandan. Dokokin Faransa na 1932 da 1935 sun riga sun tanadi rajistar filaye, sun kuma ɗauki duk ƙasar da suka kira marar mai ita a matsayin ta gwamnati, ko da yake a ƙasar Hausa da wuya a sami dajin da ba a san mai shi ba. Tun daga nan mai neman fili ya koyi bin ƙofa biyu. Da aka sami mulkin kai a 1960 littafin bai dawo fada ba, ya wuce hannun sabuwar gwamnati, daga baya ya zauna a ma'aikatar magajin gari.

Garin da aka yanka a 1945 na mutanen da ba su kai 10,000 ba ne. Gyaɗa ce ta fara cika shi. Matatar mai ta Siconiger, da kamfanonin Turawa, daga baya kuma Sonara da aka kafa a 1962, sun jawo dillalai da masu motoci da ƴan dako, aka buɗe Sabon Gari da Sabon Kare. Sunan na biyun ma shaida ne, domin kare kalmar masu awo ce ta Faransanci, ta shiga bakin mutane har ta zama sunan unguwa. Da farin 1973 da 1974 ya karya noman gyaɗa, alhazan Maraɗi suka juya ga fataucin atamfa da taba da sauran kaya zuwa Nijeriya, dukiya ta ƙaru maimakon ta ragu, yayin da yunwa ke koro mutanen karkara zuwa gari, kamar yadda ta sake yi a 1984. Ƙidayar 1977 ta sami kimanin mutum 44,000. Ta 1988 ta haura 100,000, ta 2001 ta ba da 148,017, ta 2012 kuma 267,249. Zariya, Burja, Sura Bildi, Ali Ɗan Sofo da Buzu Ɗan Zambadi suka bi bayan tsofaffin unguwanni, kuma tun da Gulbi ya tare yamma, sai garin ya miƙe ta sauran kusurwoyi, cikin gonakin gero.

A nan ne rigimar take, kuma ta fi ta 1945 wuyar warwarewa, domin wannan karon babu ambaliyar da za a ɗora wa laifi. Yankan filaye, wanda jama'a ke kira lotisma, yana tafiya ne kamar haka. Hukuma ta zaɓi gonaki a bakin gari, masu awo su kafa duwatsun iyaka, a fitar da hanyoyi da wuraren da aka keɓe don makaranta da asibiti da kasuwa, a ba masu gonakin wani kaso na filayen a matsayin diyya, a sayar da saura. A takarda kowa ya samu. A aikace, manomin da aka ba filaye kaɗan a madadin gonar da ke ciyar da gidansa kowace shekara yakan sayar da su ɗaya bayan ɗaya, don biki ko magani ko hatsin bazara, ya wayi gari ba gona ba fili. Idan gonar gandu ce ta magada da yawa, sai rabon ya raba zumunci, musamman inda wani ya riga ya sayar da ɓangarensa a ɓoye, ko aka manta da rabon mata. Mai kuɗi kuwa yakan sayi fili goma ya kewaye su ya bar su, domin a garin fatake fili ajiya ce da ta fi banki aminci. Shi ya sa ake ganin kangaye a tsakiyar sababbin unguwanni, alhali talaka yana can bayan layi ya yi gini inda babu famfo, babu lantarki, babu hanyar da mota za ta ɗauko marar lafiya.

Akwai kuma abin da bai kamata a ɓoye ba a littafin tarihi. Sayar da filaye ya daɗe yana cikin manyan hanyoyin samun kuɗi na hukumomin gari a Nijar, har akwai lokacin da gwamnati ta biya bashin albashin ma'aikata da filaye. Hukumar da ke cin abinci daga yankan fili ba za ta jira sai an sami kuɗin kwalta da magudanar ruwa kafin ta sake yankawa ba. Daga nan ne ake samun fili ɗaya da takarda biyu, da filin makaranta da aka gutsure har ya koma gidaje. Ɓangaren gargajiya ma ba a wanke yake sarai ba, domin takardun shaidar mallaka da ake sa wa hannu a unguwa ko a ƙauye, wani lokaci ba tare da an tara dukkan magada ba, sun ƙara wa alƙalai aiki.

Dokar ƙasa ta yi ƙoƙarin daidaita ƙofofin biyu. Dokar 1961 a kan karɓar fili don amfanin jama'a, wadda aka gyara a 2008, ta wajabta biyan diyya ta adalci kafin a karɓa. Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta amince cewa mallakar gargajiya mallaka ce, daidai da ta takarda, ta kafa kwamitocin filaye da sarakuna ke zama a ciki, kuma doka ta bar wa sarauta ikon sulhu kafin a je kotu. Saboda haka fada ta tsinci kanta a wani matsayi mai nauyi. Ba ita ke zana taswira ba, ba ita ke karɓar kuɗin fili ba, amma wanda aka ci gonarsa ƙofarta yake fara zuwa, kuma magajin garin da ke son aikinsa ya wuce lafiya yakan fara kai gaisuwa can. Dattawan fada su ne suka san wace bishiya ce iyakar wane, da wanda aka ba aro da wanda aka ba kyauta, ilimin da babu shi a littafin masu awo.

Da aka yi zaɓen ƙananan hukumomi a 2004, Maraɗi ta kasu gida uku, daga baya aka haɗa su ƙarƙashin majalisar birni guda. Wannan ya kawo sabuwar gardama, ta iyaka. Birnin ya cika ƙasarsa ya fara shiga ta maƙwabta, wato Tibiri, mazaunin Sarkin Gobir, da Jiratawa da Safo. Gidan da mai shi ke kasuwa a Maraɗi, yaransa ke karatu a Maraɗi, yana iya kasancewa bisa gonar da wata hukuma ce ke da ikon yanka ta, wani basarake ne kuma ke da ikon shaida a kanta. A 2010 an ɗaga sarautar Katsinan Maraɗi da ta Gobir zuwa matsayin sultan, a shekarar kuma aka kafa jami'ar da ke ɗauke da sunan Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, wadda ita ma ta buƙaci fili mai faɗi. A 2024 gwamnatin soja ta rushe zaɓaɓɓun majalisu ta naɗa masu riƙon ƙwarya, littafin filaye ya sake sauya hannu.

Gyaran cikin gari ya zo da nasa kukan. Da aka tashi sake gina babbar kasuwa, sai da ƴan kasuwa suka kwashe kayansu zuwa wuraren wucin gadi, kuma maganar wa zai koma, a wace rumfa, a kan wane farashi, ta fi ginin kansa cin lokaci. Shirin Maraɗi Kwalliya, na bikin Jamhuriya na 18 ga Disamba 2015, ya bar wa garin tituna da fitilu da gine-ginen da ake alfahari da su, amma masu tebura da rumfunan bakin hanya ne suka fara biyan kuɗin kwalliyar. A Fabrairun 2021 kuma aka aza harsashin layin dogo mai tsawon kilomita 284 daga Kano ta Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi, aikin da tasha da ɗakunan ajiyarsa za su ci wasu gonakin.

Gulbin da ya kori garin ya rage ƙarfi tun da aka gina madatsar Jibiya a ɓangaren Nijeriya, kuma wurin tsohon gari ya koma gonaki da lambuna. Ruwan da ake tsoro yanzu daga sama yake gangarowa. Tudun da a da yashi ne mai shanye ruwa ya rufe da siminti da kwano, ruwan sama yana bin miƙaƙƙun titunan nan da gudu ya nufi fadama, yana haƙa kwazazzabai a gangaren da marasa hali suka yi gini. A ƙarshen watan Agusta na 2024 ruwa mai yawa ya sauka a garin cikin ɗan lokaci, gidaje suka rushe, mutum akalla 15 suka rasu, Allah Ya jiƙansu. Iyalan da suka rasa matsuguni an sauke su a makarantu, kamar yadda aka saba, har zuwa lokacin da aka buƙaci azuzuwan don komawar yara.